Uwar Jirgi da 'Ya'yanta: Sunayen Ƙananan Jirage a Bakin Binuwai

Lafiya ba garin ruwa ba ce, amma ƙasar Doma da ke kudu da ita ta kai har gaɓar Binuwai, kuma ta nan ne jiragen Turawa suka fara ratsowa. A shekarar 1833 jirgin Alburkah ya hauro har Dagbo. Sunansa ma abin lura ne ga manazarcin harshe, domin kalmar "albarka" ce aka rubuta da bakin Bature, kamar yadda aka raɗa wa abokin tafiyarsa Quorra, wato Kwara.

Tafiyar da ta fi bayyana amfanin ƙaramin jirgi ita ce ta Pleiad a 1854, ƙarƙashin Dokta Baikie, tare da Samuel Crowther. Jirgin yana tafiya da tururi, yana kuma da ƙyallen iska. Ya daɗe a Ojogo ana jiran manzon da aka aika Keana neman labarin Barth. Da aka kai Gurowa, a ƙasar Muri, aka daina ci gaba da uwar jirgin. Sai Baikie da May suka shiga ɗan jirgin da take ɗauke da shi, wanda Ingilishi ke kira gig, suka tuƙa har Dulti. Ashe iyakar da ake jingina wa Pleiad a littattafai, ɗanta ne ya kai ta.

Ingilishi ya bambanta gig da cutter da pinnace bisa girma da aiki. Hausa kuwa, wadda ta ari kalmomin mota da na soja birjik, ba ta ɗauki ko ɗaya daga cikinsu ba. Dalili a fili yake: baƙon abu ake arar wa suna, ƙaramin jirgi kuwa ba baƙo ba ne. Akwai kwalekwale, akwai komi, akwai masu fito da Sarkin Jirginsu tun kafin zuwan Bature.

Babban jirgin ne ya matsa wa harshen. "Jirgi" a da kwalekwale yake nufi, sai ma'anarsa ta faɗaɗa har ya bukaci rakiya: jirgin ruwa, jirgin ƙasa, daga baya jirgin sama. Da layin dogo ya iso Lafiya a shekarun 1920, wanda ya ce zai tari jirgi, tasha ya nufa, ba bakin kogi ba.