Allon Lauya da Abin da Doka Ta Yarda a Rubuta a Kansa

A zamanin En'e, mutumin Birniwa da ya sami rikicin gona ko gado gaban alƙali yake gurfana, ya faɗi maganarsa da bakinsa, domin doka ta hana lauyoyi tsayawa a kotunan alƙalai. Sai bayan Tsarin Mulkin 1979 kotuna suka rushe wannan hani. Ko lauyan farko ɗan Arewa, Alhaji A.G.F. Abdulrazaq na Ilori, sai a 1955 ya kammala karatunsa a Ingila. Saboda haka allon lauya baƙon abu ne a ƙasar Haɗeja, ni kaina da girmana na fara ganinsa.

Aikin ya zo mana da al'adar Ingila, wadda ke ɗaukar talla abin kunya ga lauya. Wannan bai yi nisa da tamu tarbiyya ba: malami ba ya wasa kansa, almajiransa ke faɗin wurin wanda ya yi karatu. Amurka ta sassauta a 1977, lokacin da Kotun Ƙolinta ta halatta wa lauyoyi talla. A Nijeriya kuwa, ƙa'idojin aikin lauya na 2007 ne suka buɗe ƙofa, amma da sharuɗɗa, kuma na 2023 da suka maye gurbinsu sun bi wannan sawu.

Lauya na iya rubuta sunansa da digirinsa da muƙaminsa a kati ko a allo madaidaici. Ba shi da ikon cewa ya fi wani lauya, ko ya lissafa shari'un da ya ci, ko ya rubuta abin da zai ruɗi jama'a. Muƙamin SAN, wanda aka fara bayarwa a 1975, ba a sa wa kai, sai an naɗa mutum.

A ganina wannan sharaɗi ya fi amfanar manomin fadama bisa ɗan birni. Lokacin da nake aiki na ga dattijon da ya sayar da bijimi ya biya wani mai kwat da jerin haruffa bayan sunansa, ashe ko Makarantar Horon Lauyoyi bai taka ba. Ranar shari'a aka neme shi aka rasa, gonar kuma ta tafi. Sunan kowane lauya na gaskiya yana cikin rajistar Kotun Ƙoli, kuma tun 2015 takardun da ya shirya suna ɗauke da hatimin ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa.