1989 ko 1998: Wane ne jaririn kwalba na farko a Najeriya?

Wata ɗaliba 'yar Misau da ke karatun kimiyyar lafiya a Azare, mai burin zama masaniyar ɗan tayi, ta aiko da tambaya. Ta karanta a wani wuri cewa a 1989 aka haifi jaririn kwalba na farko a Najeriya, wani wurin kuma aka ce 1998. Ko wajen bugawa ne aka juya lambobin?

Malama, mai bugu bai yi kuskure ba. Jarirai biyu ne, garuruwa biyu, kuma gardamar ba ta mutu ba.

Sunan ma da gyara, don babu jaririn da ya taɓa girma a cikin kwalba. Ana yi wa mace allurai ƙwayayenta su nuna da yawa, likita ya zuƙo su da siririyar allura, ya miƙa wa ma'aikacin ɗakin gwaji. Shi ne zai haɗa su da maniyyin mijin a wani ɗan faranti, ya saka a na'urar da ke riƙe ɗumi daidai da na jikin mutum, digiri 37. A rana ta uku ɗan tayin yakan kai ƙwayoyi takwas, a ta ukun ko ta biyar a mayar da shi mahaifa. A waɗannan kwanaki, ɗaukewar wuta ta ɗan lokaci na iya rusa aikin wata guda. Wanda ya san halin lantarkin ƙasar nan zai jinjina wa duk wanda ya gwada wannan aiki shekara arba'in da suka wuce.

Ranar 25 ga Yulin 1978 aka haifi Louise Brown a Oldham ta Ingila, a hannun Patrick Steptoe da Robert Edwards da Jean Purdy. Ba a jima ba wasu malamai biyu na Kwalejin Likitanci ta Jami'ar Legas suka ɗauki aikin: Osato Giwa-Osagie, likitan mata, da Oladapo Ashiru, masanin ginin jikin ɗan Adam. Sun ba da rahoton samun ciki a 1984, sannan haihuwa a 1989. Wannan ita ce riwayar Legas.

Riwayar Abuja ta Dakta Ibrahim Wada ce, wanda ya yi aiki a Bourn Hall, asibitin da su Steptoe suka kafa kusa da Kambirij. Ya dawo gida ya buɗe asibitin Nisa, inda aka haifi Hannatu ranar 11 ga Fabrairun 1998. Ita ce jaridu suka ɗauka, ita aka gani tana girma, har aka ruwaito a 2015 cewa za ta tafi Hangari karatun likita. Mutane kuwa abin da ido ya gani suke riƙewa.

Ni dai na fi karkata ga Legas a batun wanda ya riga. Tara ne shekarun da ke tsakani, kuma mutanen biyu malaman jami'a ne da suka yi aikin a gaban abokan sana'arsu. Rashin yawan hotuna a jarida ba ya soke haihuwa. Abin da ba za a ƙwace wa Wada ba shi ne bayan 1998 ne talakan Arewa ya fara jin cewa ana dashen ciki a gida, ba sai an haye jirgi ba.

Abin da ya sa nake taka-tsantsan da ƙaryata na farko shi ne labarin Subhash Mukhopadhyay na Kalkata a Indiya. Ranar 3 ga Oktoban 1978, kwana 70 kacal bayan Louise, aka haifi wata yarinya da aka yi wa laƙabi da Durga ta hanyar aikinsa. Gwamnatin jiharsa ta kafa kwamiti, kwamitin ya ce ƙarya ne. Aka hana shi fita taron masana a ƙasar waje, daga baya aka yi masa canjin aiki zuwa cibiyar ido, wurin da ba ruwansa da haihuwa. A Yunin 1981 ya kashe kansa. Sai a 1997 T. C. Anand Kumar, mutumin da ake yabo da jaririyar kwalba ta farko a Indiya a 1986, ya duba takardun marigayin ya fito fili ya ce an riga shi. Ba kowane masani ke iya wannan ba.

Tun da ɗalibarmu ɗakin gwaji ta nufa, ta riƙe sunan Purdy. Ma'aikaciyar jinya ce, kuma ita ake cewa ta fara ganin ɗan tayin da ya zama Louise yana rarrabuwa. Da hukumar lafiyar Oldham za ta kafa allon tunawa, sai ba ta saka sunanta ba, duk da wasiƙar ƙorafin da Edwards ya rubuta. Ta rasu a 1985 tana da shekara 39. Edwards kaɗai ya karɓi lambar Nobel a 2010, don ba a ba mamaci.

A ɓangaren addini, malamai ba su yi jinkiri ba. Tun a 1980 Muftin Masar, Shaihu Jadul Haƙƙ, ya halatta aikin muddin ƙwan na matar ne, maniyyin na mijinta, kuma igiyar aure na nan. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta tsaya a kan haka a taronta na Amman a 1986, ta haramta shigo da mutum na uku.

A 1992 masana a Brussels suka ba da rahoton nasarar tura maniyyi ƙwaya ɗaya cikin ƙwai da allura, abin da ya buɗe ƙofa ga mazan da matsalar daga gare su take. Cibiyoyi suka yawaita a Legas da Abuja. Ma'auratan Misau da Azare da suka tara kuɗin gwadawa, har yanzu yawanci sai sun kama hanyar manyan birane.