Daga Tafin Hannu Zuwa Buroshi: Tarihin Kayan Aski a Birnin Kano

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya lura da wanzamin gargajiya yana aski a cikin birnin Kano, zai ga ba ya neman buroshi. Ruwa yake ɗiba da hannu, ya murza kan mai aski har gashi ya yi laushi, sa'an nan ya ɗora aska. Buroshin aski baƙo ne a cikin zabira. Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun yadda baƙon ya iso, da kuma ma'aunan da mai ƙaramin ƙarfi yake dubawa kafin ya zaɓi wanda zai saya.

2.0 Wanzanci Kafin Zuwan Turawa

Wanzanci sana'a ce ta gado, mai shugaba da ake kira Sarkin Aska. Aikin wanzami bai tsaya ga aski da gyaran fuska ba. Shi ne mai kaciya, da ƙaho, da tsaga, da cire beli, da askin jariri ranar suna. Sunansa ya yi tafiya tare da fatake, har a Gana ana kiran mai kaciya na gargajiya wanzam. Kayan aikinsa kuwa na gida ne: maƙeri ya ƙera aska, baduku ya ɗinka zabira, mahauci ya ba da ƙaho, dutsen washi kuma ba ya buƙatar fatauci.

Amma kuskure ne a zaci askar waje ta jira mulkin mallaka. Lokacin da Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851, ya lissafa kayan Turai da ya tarar ana sayarwa a kasuwar birnin, watau Kurmi, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499). Cikin lissafinsa akwai takubba daga Solingen ta Jamus, da asake daga Styria ta ƙasar Ostiriya, duk sun ƙetaro Sahara a bayan raƙuma. Ashe ƙarfen ne ya riga zuwa. Wanzami ya karɓi askar baƙi, ya ci gaba da jiƙa gashi da tafin hannunsa.

3.0 Shigowar Buroshi

A Faransa aka fi danganta asalin buroshin aski, cikin ƙarni na 18. Amfaninsa uku ne: ya tayar da kumfar sabulu, ya riƙe ruwa a jikin gashi, ya kuma miƙar da gashin da ya kwanta domin aska ta same shi a tsaye. Bayan da Gillette ya sami rajistar rezarsa a Amurka a 1904, aski a Turai ya fara komawa aikin da mutum yake yi wa kansa a gida, da reza da sabulu da buroshi.

Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, hanyar jirgin ƙasa ta iso a 1911. Daga nan akalar ciniki ta juya daga hamada zuwa teku, kantunan kamfanoni irin su John Holt, da U.A.C. wadda aka kafa a 1929, suka cika da ƙananan kayan Turai. Harshe ma ya adana shaidar wannan sauyi. Aska da zabira tsofaffin kalmomi ne a bakin Bahaushe, sabulu daga Larabci aka aro shi, amma reza da buroshi da kilifa duk daga Ingilishi suka shigo.

4.0 Ma'aunan Zaɓi

Ma'auni na farko shi ne kuɗi. Buroshi mafi daraja a Turai ana yin sa da gashin wata dabba mai kama da dage. Yana da taushi, yana riƙe ruwa, amma tsadarsa ta fi ƙarfin talaka. Mai araha ana yin sa da gashin alade, wanda yake da kaushi, sai an jiƙa shi kafin aiki, sai kuma ya daɗe a hannu bakinsa yake laushi. Tsakaninsu akwai na gashin doki.

A nan ma'auni na biyu ya shigo, watau tsarki. Mazhabar Malikiyya, wadda Kano take bi, ta fi wasu sauƙi a wannan mas'ala: Muhtasar na Halil ya sanya gashi cikin abubuwa masu tsarki ko da na alade ne, muddin yanke shi aka yi, ba tugewa ba. Shafi'iyya kuwa suna ganin alade najasa ne ɗungurungum. To, mai saye a kanti ba ya iya bambance yankakken gashi da tugagge, balle ya shafa shi a fuskar da zai kai sujada. Saboda haka arahar buroshin alade ba ta wadatar da Bakano ba.

Ma'auni na uku shi ne lafiya, tarihi kuwa ya koyar da darasi mai ɗaci a kansa. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya (1914-1918) gashin dabbar nan mai tsada ya yi wuya, aka koma ga gashin doki daga Rasha da Sin da Japan wanda ba a tsabtace shi ba. Sojoji da farar hula a Ingila da Amurka suka kamu da cutar antaraks a fuska da wuya, wasu suka mutu. A 1920 Ingila ta hana shigo da buroshin aski daga Japan. Hausawa sun ce araha ba ta ado. A wannan karon har rai ta ci.

Zaren roba na nailan, wanda kamfanin DuPont ya ƙirƙiro a 1935, shi ya sasanta ma'aunan uku. Na farkon yana da tauri kuma ba ya riƙe ruwa, amma an yi ta inganta shi har ya kusanci gashin dabba wajen taushi. Ba shi da tsada, babu shakkar najasa a kansa, yana saurin bushewa. Abin da ya rage ga mai saye shi ne ya ja gashin ya ga ko yana zuba, ya duba ko mariƙin ya kama shi sosai.

5.0 Kammalawa

Tun da aka ba da rahoton cutar ƙanjamau a Nijeriya a 1986, hankali ya koma kan askar da ake yi wa mutane da yawa aiki da ita, har wanzamai da dama suka koma sa sabuwar reza ga kowane kai. Buroshin da yake yawo daga fuska zuwa fuska, yana taɓa inda aka yanka, ya cancanci irin wannan kulawa: a wanke shi, a shanya shi, in da hali kowa ya mallaki nasa. Wanzamin cikin birni da bai taɓa rabuwa da tafin hannunsa ba, ruwa da sabulu sun ishe shi tsabtace shi kafin ya kira na gaba.