Ischiodon aegyptius

Ischiodon aegyptius wani nau'in ƙuda ne daga dangin Syrphidae, wanda yake kama da rina. Masanin ƙwari ɗan Jamus, Wiedemann, shi ne ya fara bayyana shi a shekarar 1830. Ana samun sa a yawancin ƙasashen Afirka, har da Najeriya da Nijar, da kuma Gabas ta Tsakiya da kudancin Turai.

Siffa

Tsawonsa kusan santimita 1 ne. Cikinsa yana da ratsin baƙi da rawaya, shi ya sa wanda bai san shi ba yake ɗauka rina ce ya kauce. Amma ba ya harbi. Fukafukansa biyu ne, na rina kuwa huɗu, kuma idanunsa manya ne irin na ƙuda. Yakan tsaya cak a iska kusa da fure, sannan ya wuce fit. Wannan kamanni kariya ce gare shi, domin tsuntsun da rina ta taɓa harba ba ya saurin kai wa mai irin launinta hari.

Rayuwa

Babban yana shan ruwan fure, yana kuma cin garin fure. Macen takan saka ƙwai a jikin ganyen da darɓa ta kama, wato ƙananan ƙwarin nan masu tsotse ruwan wake da dawa da kayan lambu. Idan ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsar ba ta da ƙafa, tana jan ciki tana cinye darɓar ɗaya bayan ɗaya. Feshin maganin ƙwari barkatai yakan kashe tsutsar tare da darɓar, manomi ya rasa mai taya shi.