Zare: Ranar da jiha guda ta kwana cikin duhu a Ostareliya

1/ Duk sanda babban layin wuta na ƙasa ya durƙushe, sai in ga ana ta rubuta: ga rana kyauta a Arewa, a shimfiɗa sola kawai kowa ya huta. Ni ma ina son sola. Amma akwai wata jiha da ta riga mu bin wannan hanya, kuma ta sha wuya a 2016. Bari in ba ku tarihinta. Zaren da ɗan tsawo, a yi haƙuri.

2/ Jihar ita ce Kudancin Ostareliya, babban birninta Adelaide. Faɗin ƙasarta ya ɗan ɗara na Najeriya gaba ɗaya, amma a lokacin mutanenta wajen miliyan 1.7 ne, ba su kai mutanen birnin Kano ba. Wato dogayen layukan wuta, mutane ƙalilan, kuma tana can ƙarshen layin ƙasar.

3/ Shekara da shekaru kwal ɗin da ake haƙowa a Leigh Creek, a kai shi Port Augusta a jirgin ƙasa, shi da iskar gas ke ba su wuta. Daga farkon shekarun 2000 suka fara kafa fankokin iska, mutane kuma suka yi ta ɗora sola a rufin gida. A watan Mayun 2016 aka rufe tashar kwal ta ƙarshe a jihar.

4/ Kafin in ci gaba sai mun fahimci abu ɗaya, in ba haka ba labarin ba zai zauna ba. Layin wuta ba rumbu ba ne. Abin da ake samarwa dole ya yi daidai da abin da ake sha a kowace daƙiƙa. Ma'aunin daidaiton shi ne bugun wutar: sau 50 a daƙiƙa, a can da nan Najeriya duka.

5/ Duk mai janareta ya san wannan ko bai san sunansa ba. Ka jona dutsen guga, ka ji injin ya yi nishi, ƙwai ya dushe, sannan ya farfaɗo. Nishin nan bugun ne ya sauka. In kayan sun fi ƙarfinsa ya mutu. Layin ƙasa ma haka yake, girma ne kawai ya bambanta.

6/ Me ke hana shi mutuwa nan take? Nauyin ƙarfen da ke juyawa. Kamar injin niƙa ne, ko an kashe shi ba ya tsayawa cak. Injinan kwal, gas da na dam suna da ƙarafa masu nauyin tan da yawa da ke juyawa tare da bugun layin. In matsala ta faɗo, nauyin nan ke sayo 'yan daƙiƙu kafin a kawo ɗauki.

7/ Sola ba ta da abin da ke juyawa ko ɗaya. Fankar iska tana juyawa, amma galibi ta inbata take shiga layi, saboda haka layin ba ya cin moriyar nauyinta. Irin inbatan da aka fi amfani da su a lokacin bin bugun da suka tarar suke yi, ba su ke kafa shi ba. 'Yan amshi ne, sai da mai ba da waƙa.

8/ To, ranar Laraba 28 ga Satumba 2016, wata mummunar guguwa ta afka wa jihar. Da yamma ana shan wajen megawat 1,800. Iska na ba da kusan 880, gas wajen 330, sauran kusan 610 ana jawo su daga jihar Victoria. Ku lura da ƙanƙantar kason gas ɗin, domin shi ne kusan duk nauyin da ke juyawa a cikin jihar.

9/ Guguwar ta karya turakun ƙarfe sama da 20, manyan layuka uku masu kilobolt 275 suka fita. Cikin ƙasa da minti biyu ƙarfin wutar ya yi ƙasa ya dawo har sau shida.

10/ Nan ne inda na fi so a tsaya. Fankokin suna da wani saiti na kariya: in wuta ta yi wannan rawa fiye da adadin da aka ƙayyade cikin ɗan lokaci, su janye kansu. Gonakin iska tara suka rage abin da suke bayarwa, megawat 456 suka ɓace cikin daƙiƙu kaɗan. Iska na nan tana kaɗawa, fankokin ba su lalace ba. Lissafin da aka sa musu ne ya cika.

11/ Giɓin sai ya koma kan layin Heywood, babbar igiyar da ta haɗa jihar da Victoria. Kaya ya fi ƙarfinsa, shi ma ya yanke. Jihar ta zama tsibiri, ga buƙata mai yawa ga injinan da ba su taka kara sun karya ba. Bugun ya faɗi da saurin da ko na'urorin yanke wa unguwanni wuta don ceto sauran ba su iya cim masa ba. Ƙarfe 4:18 na yamma komai ya mutu.

12/ Gidaje da wuraren sana'a kusan 850,000. Mafi yawan Adelaide ta samu wuta a daren, amma garuruwa irin su Port Lincoln sun yi kwanaki. Na san wani zai ce wannan ai Talata ce kawai a wurinmu. Gaskiya ne. A can kuwa ya zama rikicin siyasa na ƙasa.

13/ Wasu 'yan siyasar tarayya suka ɗora laifin kan iska tun kafin a gama bincike. Gwamnatin jihar ta Jay Weatherill ta ce guguwa ce kawai. A Fabrairun 2017 Scott Morrison, ministan kuɗi a lokacin, ya shigo majalisa da dunƙulen kwal a hannu yana nuna wa 'yan adawa.

14/ Rahoton ƙarshe na AEMO, hukumar da ke tafiyar da layin, ya fito a Maris 2017, kuma a ganina bai wanke kowa tas ba. Guguwa ce ta karya layuka. Amma da ba don saitin nan ba, da Heywood bai yanke ba. Abin da ya fi ba ni mamaki: hukumar kanta ba ta san da saitin ba. An canza shi, daga baya kuma aka kai wasu kamfanonin kotu suka biya tara.

15/ Sai labarin da kowa ya fi sani. A Maris 2017 Elon Musk ya yi alƙawari a Twitter: zai kafa babban batir cikin kwana 100 da sa hannu, in ya gaza kyauta ne. An sa hannu ƙarshen Satumba, aka buɗe shi 1 ga Disamba a Hornsdale kusa da Jamestown. Tesla ta gina, kamfanin Neoen na Faransa ke da shi. Megawat 100.

16/ An yi masa ba'a sosai, aka ce ko 'yan mintuna ba zai riƙe jihar ba. Haka ne, amma ba aikinsa ke nan ba. Mako biyu da buɗe shi wani injin kwal a Loy Yang, can Victoria, ya faɗi da megawat 560. Batirin ya amsa cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Kaɗan ya zuba, ba shi ya ceci layin ba, amma injiniyoyi sun ga saurin da babu injin da ke da shi. A 2020 aka faɗaɗa shi zuwa megawat 150.

17/ Abin da ba a cika faɗa ba, don ba shi da Musk a ciki: a 2021 aka kafa wasu manyan injina huɗu a Davenport da Robertstown. Ba sa ƙona komai, ba sa samar da wuta. Juyawa kawai suke da ƙatuwar ƙafar ƙarfe, su ba layin nauyi su riƙe ƙarfinsa. Kafin su, dole hukumar ta riƙa tilasta wa injinan gas zama a kunne ko da iska ta wadata, ana biyan kuɗin.

18/ Daga nan wata sabuwar matsala ta ɓullo, ta yawa. Ranar 11 ga Oktoba 2020, da tsakar rana, sola kaɗai ta kai yawan duk abin da jihar ke sha na wajen awa guda. Abin alfahari, amma solar rufin gida ba ta jin umarnin ɗakin sarrafa layi. Tun 2020 doka ta ce sabuwar da za a ɗora sai wadda za a iya kashewa daga nesa.

19/ Jarrabawar ta zo a Nuwamba 2022. Guguwa ta sake kayar da turke kusa da Tailem Bend, jihar ta rabu da babbar igiyarta zuwa Victoria na kusan mako guda. Aka riƙa rage solar rufi da rana, batir da injinan nan suka yi aikinsu. Layin jihar bai durƙushe ba. Yanzu wajen kashi 70 na wutarsu daga iska da rana ne, sun kuma ƙaddamar da aikin jan sabon layi mai tsawon kusan kilomita 900 zuwa New South Wales.

20/ Abin da ya sa labarin ya tsaya mini a rai shi ne Oktoban 2024. Layin Shiroro zuwa Kaduna ya lalace, na Ugwuaji zuwa Apir ya biyo baya, jihohin Arewa suka yi sama da mako cikin duhu. Mu ma a ƙarshen doguwar igiya muke. Nauyin da ke juyawa yana Kainji, Jebba, Shiroro da tashoshin gas na Kudu, nesa da Kano da Maiduguri.

21/ Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu, don haka za mu riƙa jin alƙawarin gonakin sola. Ni tambayata ga duk gwamnan da ya zo da shi: ranar da layi daga Shiroro ya yanke, me zai kafa bugun da inbatocin za su bi? Batir nawa, injin nauyi nawa, kuma wa ya ga saitin kariyar da idonsa? Injiniyoyin da ke nan, in na yi kuskure a wani wuri ku gyara mini a ƙasa.