Daga Fatoma zuwa Malam Yaro: darasi ga masu sayar da shawara



Yanzu muna da matasa da suka gama karatu, ba su jira aikin gwamnati ba. Wani yana rubuta wa ƙungiyoyin manoma takardun neman tallafi, wani yana duba lissafin 'yan kasuwa, wani yana ba makiyaya shawara a biya shi. Sai a ɗauka sabuwar sana'a ce. To, kakanninmu sun daɗe da yin ta, suna ne kawai ya canza.

A zamanin fatauci, baƙo in ya sauka gari da kaya, gidan fatoma yake nufa. Fatoma ya ba shi masauki, ya adana masa kaya, ya gaya masa farashin gari da wanda za a iya ba bashi. Dillali ya haɗa shi da mai saye, ya karɓi la'ada. In mai saye ya ci bashi ya gudu, wanda ya tsaya masa ake kamawa. Ka ga ke nan abin da suke sayarwa sani ne da amana. Har gobe haka abin yake a kasuwar dabbobi ta Maigatari ranar Alhamis: dillalin da ya ɓoye aibin sa sau ɗaya, labarinsa zai riga shi isa kasuwa ta gaba.

Wanda ya kai wannan sana'a ƙololuwa a ƙasarmu shi ne Malam Yaro, babban attajirin Zangon Damagaram a ƙarshen ƙarni na 19. Harkarsa ta haɗa Damagaram da Kano da hanyar Sahara har Tarabulus, kuma maganarsa tana da nauyi a fada. Da Faransawa suka ci Damagaram a 1899 bayan yaƙin Tirmini, sai ya yi hulɗar ciniki da su, yana samo musu abin da suke buƙata. Ya zama mutumin fada, ya zama mutumin bariki.

Amma a 1906 aka zargi Sarki Amadu Ɗan Basa da shirya wa Turawa tawaye. Aka tuɓe shi, aka kai shi Kodebuwa, aka danƙa wa Ballama ragamar gari. Malam Yaro yana cikin waɗanda aka kama. Kusancin da ya ɗaga shi, shi ne ya jawo masa. Dukiya da sanayya ba su hana ba, domin ƙofofin da ya dogara da su duka na masu mulki ne.

Mu dubi Kano kuma. Da jirgin ƙasa ya fara aiki a 1912, cinikin Sahara ya ƙara durƙushewa, gyaɗa ta yi kasuwa. Alhassan Ɗantata, wanda ya taso a fataucin goro na Gwanja, ya juya ga gyaɗa. Ƙarfinsa yana wurin tarin yaran da yake ba jari su shiga ƙauyuka su sayo masa. Ya rasu a 1955, gidansa na nan tsaye har yau.

To ɗan uwa mai sayar da shawara, ka lissafa: mutum nawa ke biyan ka? In ɗan siyasa ɗaya ne, ko ƙungiya ɗaya ta waje, wallahi ranar da iska ta juya kai ma ka tafi. Mun gani da idonmu lokacin da Najeriya ta rufe iyaka a 2019, da kuma bayan juyin mulkin 2023, yadda mai ƙofa ɗaya ya zauna zugum.

Ka yawaita masu hulɗa da kai, ko da ƙanana ne. A yanke la'ada tun kafin a fara aiki, a gaban shaida ko a rubuce. Ka faɗa wa mai biyan ka gaskiya ko ba ta yi masa daɗi ba, kada kuma ka kai sirrin wani gidan wani. In ka karɓi kuɗi, ka gama aikin: kowa ya ci ladan kuturu, ya yi masa aski.

Dattawanmu da suka yi dillanci a Dungas da Magarya, muna jiran abin da za ku ƙara mana. Allah ya sa albarka a nema.