Akokan, garin da rami ya haifa

Kafin a gano yuraniyom a arewacin Agadas, Buzaye makiyaya ne kawai ke ratsa wurin da raƙumansu. An kafa Arlit a 1969, Akokan ta biyo baya, ramin Akuta ya fara aiki a 1978. Mahaifina ya baro Madawa ya shiga ramin, mita 250 ƙarƙashin ƙasa. Da albashinsa ya aurar da ƙannensa, ya kai kakata Makka. A unguwarmu, Bahaushe da Bazabarme da Buzu kwano ɗaya muke ci. Ranar 31 ga Maris 2021 kamfanin COMINAK ya rufe ramin. Maƙwabtanmu suka watse, wasu Tawa, wasu wajen haƙar zinariya. Iyayenmu kuwa suna kwance a maƙabartar garin, Allah ya jiƙansu. Wa zai riƙa kai musu ziyara?